Tutoci Biyu a Kibiya: Yadda Talakawa Suka Shiga Maganar Yaƙi da Nijar

Ranar Asabar, 12 ga Agusta, 2023, mutane suka fito kan titi a Kibiya, hedikwatar ƙaramar hukuma a kudancin Jihar Kano, ɗauke da tutoci iri biyu: ta Najeriya mai kore da fari, da ta Jamhuriyar Nijar mai ruwan goro da fari da kore. Damina ta yi tsaka, gero ya kai ga ƙugu, aiki a gona bai bar wa manomi ranar hutu ba, amma suka ajiye fartanya suka yi jerin gwano. Buƙatarsu ɗaya ce, kada a kai wa Nijar yaƙi. Dalilinsu kuwa shi ne mutanen Nijar 'yan'uwansu ne.

Wanda ya san taswira zai yi mamaki. Kibiya ba garin kan iyaka ba ce. Tana maƙwabtaka da Rano, can kudu da birnin Kano, kuma duk mai son zuwa Nijar daga nan sai ya ratsa Jihar Kano gaba ɗayanta, sannan ya bi ta Katsina ko Jigawa. Ita kanta Kano ta daina iyaka da Nijar tun 1991 da aka cire Jihar Jigawa daga jikinta. Da yaƙin ya ɓarke, Illela da Jibiya da Maigatari ne za su fara jin ƙarar bindiga. To me ya fito da mutanen Kibiya?

Amsar tana cikin tarihi, tana kuma cikin wani kuskure da sababbin gwamnatoci suka saba yi. A wancan lokacin gwamnatoci biyu ne sababbi ke fuskantar juna, ɗaya a Abuja mai wata biyu da rantsuwa, ɗaya a Yamai mai kwana goma sha bakwai da ƙwace mulki. Kowacce tana neman ta nuna ta isa. Amma ta Abuja ta yi wa maƙwabciyarta barazana kafin ta yi wa mutanenta bayani, ta manta cewa a ƙasar Hausa mutanen can da mutanen nan kunne ɗaya gare su.

Mene ne diflomasiyyar jama'a?

Diflomasiyyar da aka saba da ita magana ce tsakanin gwamnati da gwamnati: jakada ya kai takarda, ministoci su zauna a ɗaki, a fitar da sanarwar bayan taro. Akwai kuma wani reshe nata, inda gwamnati ke tsallake takwararta ta yi magana kai-tsaye da mutanen wata ƙasa, ta hanyar rediyo, da guraben karatu, da ziyarar malamai, da wasanni, domin idan ranar buƙata ta zo ta tarar da zukata a buɗe. Wani tsohon jami'in diflomasiyyar Amurka, Edmund Gullion, shi ya yayata sunan wannan fanni a 1965. A Hausa ana iya kiransa diflomasiyyar jama'a.

Bahaushe ya daɗe da sanin abin ko bai san sunansa ba. Ingila ta buɗe sashen Hausa na BBC a 1957, Amurka ta buɗe na Muryar Amurka a 1979, Faransa ta kawo na RFI a 2007, ga kuma na Jamus da China da Iran. Waɗannan ƙasashe sun kashe kuɗinsu ne domin sun gane cewa akwatin rediyon da ke rataye a reshen darbejiya a bakin gona ya fi ofishin jakadanci saurin isar da saƙo.

Sai dai masana fannin sukan raba masu sauraro gida biyu, na cikin gida da na ƙasar waje, kowanne da irin maganar da ake yi masa. Wannan rabon ba ya aiki tsakanin Najeriya da Nijar. Shirin da manomin Kibiya ya saurara da asuba shi ne wanda ɗan kasuwar Maraɗi ya saurara. Wa'azin da aka yi a Kaduna yana yawo a wayoyin mutanen Damagaram kafin la'asar. Duk abin da Abuja ta faɗa wa Yamai, ta faɗa wa Sakkwato da Kano a lokaci guda, haka nan duk abin da Yamai ta faɗa wa mutanenta ya shiga kunnen Arewa.

Sababbin gwamnatoci biyu

An rantsar da Bola Ahmed Tinubu ranar 29 ga Mayu, 2023. Ya ci zaɓe da kusan kashi 37 cikin 100 na ƙuri'u, kuma har watan Agusta shari'ar zaɓen tana gaban kotu. A Kano, Rabi'u Musa Kwankwaso ne ya lashe ƙuri'ar shugaban ƙasa, jam'iyyarsa ta NNPP kuma ta karɓi gwamnatin jiha. A jawabin rantsuwarsa Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a tsakiyar Yuli kuma ta wuce 600. Kuɗin mota ya tashi, kayan masarufi suka bi shi.

Ranar 9 ga Yuli, a taron da aka yi a Bissau, shugabannin ƙungiyar Ecowas suka zaɓi Tinubu ya jagorance su. A nan ya yi alkawarin cewa ba za a ƙara lamuntar juyin mulki a yankin ba. Yana da hujja: sojoji sun ƙwace mulki a Mali a 2020 da 2021, a Gini a 2021, a Burkina Faso har sau biyu a 2022. Kwana goma sha bakwai bayan wannan alkawari, ranar 26 ga Yuli, dakarun tsaron fadar shugaban Nijar suka tsare Mohamed Bazoum. Bayan kwana biyu kwamandansu, Janar Abdourahamane Tchiani, ya bayyana a talabijin a matsayin sabon shugaba.

Ranar 30 ga Yuli Ecowas ta zauna a Abuja. Ta rufe iyakoki, ta hana zirga-zirgar jiragen sama, ta dakatar da hada-hadar kuɗi da cinikayya, sannan ta bai wa sojojin wa'adin mako guda su mayar da Bazoum kan kujerarsa, in ba haka ba za ta ɗauki duk matakin da ya dace, har da amfani da ƙarfi. Washegari Mali da Burkina Faso suka ce duk wanda ya taɓa Nijar ya taɓa su. Ranar 2 ga Agusta Najeriya ta katse wutar lantarkin da take sayar wa Nijar, wadda ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar.

Duk wannan ya faru ne a lokacin da Najeriya ba ta da minista ko ɗaya. Ba ministan harkokin waje, ba na tsaro, ba na yaɗa labarai. Sai ranar 21 ga Agusta aka rantsar da ministoci, Yusuf Maitama Tuggar ya karɓi harkokin waje, Mohammed Badaru Abubakar tsaro, Mohammed Idris yaɗa labarai. Wato makonni uku mafiya haɗari a dangantakar ƙasashen biyu sun wuce babu ministan da aikinsa ne ya fito ya gaya wa jama'a, da harshen da suke ji, dalilin matakin da inda aka nufa da shi. Sanarwar Ecowas ta fito da Turanci da Faransanci. Abin da ya iso majalisun hira na Arewa kalma ɗaya ce: yaƙi.

Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Wa'adi ya fi kowace magana wuyar mayarwa, domin ranar da ya cika dole mai shi ya aikata ko ya ji kunya. Ranar 6 ga Agusta wa'adin ya cika. A Yamai dubban mutane suka cika filin wasa na Seyni Kountché suna goyon bayan sojoji. Barazanar da aka yi domin ta raba sojojin da jama'a sai ta haɗa su.

Iyakar da ta zo daga baya

Domin fahimtar abin da ya fito da mutanen Kibiya, sai an koma baya. A labarin Bayajida da kowane ɗan firamare ya sani, Rano tana cikin Hausa Bakwai tare da Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Biram. Labarin ya raba musu ayyuka: Kano da Rano sarakunan baba, Katsina da Daura sarakunan kasuwa, Gobir sarkin yaƙi. Yau wani babban yanki na ƙasar Gobir yana cikin Nijar. Ga mutumin ƙasar Rano, Bagobirin Tsibiri ɗan gida ɗaya ne tun a tatsuniyar asali.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda jihadinsa ya sake fasalin Arewa, an haife shi a Maratta a 1754, kuma Maratta tana Nijar ta yau. Da jihadi ya ci Katsina, gidan sarautarta na dā ya koma arewa ya kafa Maraɗi, inda har yanzu ake kiran sarkin da Sarkin Katsinan Maraɗi. Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da su. Zumuncin bai hana faɗa ba: a ƙarshen shekarun 1890 mayaƙan Damagaram sun sha kawo hari ƙasar Kano a zamanin Sarki Alu. Amma faɗan na 'yan gida ne, waɗanda bayan an sauke takobi ayarin fatake ke ci gaba da kai-komo tsakaninsu da gishiri da kanwa da tufafin rini.

Layin da ya raba su Turawa ne suka ja shi. A 1890 Ingila da Faransa suka amince da wani layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Baruwa a gaɓar Tafkin Chadi, suka yi ta gyara shi a 1898 da 1904 da 1906. Ya kai kusan kilomita 1,500, kuma yau jihohi bakwai ne ke jingine da shi: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno.

Bayan 'yancin kai, Nijar ta nuna halin maƙwabtaka a lokacin da Najeriya ta fi buƙata. A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 Faransa ta karkata ga Biyafara, Kodebuwa da Gabon suka amince da ita a matsayin ƙasa, amma Shugaba Diori Hamani ya tsaya tare da gwamnatin tarayya, har ya karɓi baƙuncin zaman sulhu a Yamai a Yulin 1968. A 1971 ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa mai mazauni a Yamai. Ita ma wutar lantarkin tana da tushe a maslahar juna, domin kogin Kwara sai ya ratsa Nijar kafin ya iso madatsar Kainji.

Akwai kuma tabon da ba a manta ba. A Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari, ita ma sabuwa ce mai wata huɗu, ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai 1986. Rufewar ta haɗu da fari, kuma har yau a ƙasar Hausa ta Nijar ana kiran yunwar wannan lokacin da El-Buhari. An sake rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Saboda haka da aka ambaci rufe iyaka a 2023, mutane a ɓangarorin biyu sun riga sun san wanda zai sha wuya: mai kawo wake da dabbobi kasuwar Maigatari, da dillalin hatsi a Dawanau, da ɗan ci-ranin da ke tura ruwa ko sayar da shayi a garuruwan Kano yana aika wa iyalinsa abin da ya samu. Mutumin Kibiya bai buƙatar zama a kan iyaka kafin ya san waɗannan mutane. Da su yake ciniki, da su yake sahu ɗaya a masallaci.

Jakadun da ba su da takardar naɗi

Hanyar gwamnati ta fara toshewa tun a makon farko. Ranar 3 ga Agusta Ecowas ta tura tsohon shugaban ƙasa Janar Abdulsalami Abubakar tare da Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar. Suka sauka a Yamai, amma ba su ga Tchiani ba, ba su ga Bazoum ba, suka juyo daga filin jirgi. Ranar 7 ga wata babbar jami'ar diflomasiyyar Amurka, Victoria Nuland, ta je, ita ma ba ta ga Tchiani ba. Washegari sojojin suka ƙi karɓar tawagar haɗin gwiwa ta Ecowas da Tarayyar Afirka da Majalisar Ɗinkin Duniya.

A gida ma ƙofa ta fara rufewa. Sashe na 5 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana shugaban ƙasa ayyana yaƙi sai da amincewar majalisun tarayya biyu a zama ɗaya, ya kuma hana tura soja fagen fama a ƙasar waje sai da yardar Majalisar Dattawa. Ranar 4 ga Agusta aka karanta wasiƙar Tinubu a zauren majalisar. A ranar ƙungiyar sanatocin Arewa ta fitar da sanarwar ƙin amincewa da amfani da ƙarfi, kuma wanda ya sanya mata hannu a matsayin kakaki shi ne Sanata Kawu Sumaila na Kano ta Kudu, mazaɓar da Kibiya da Rano ke ciki. Ranar 5 ga wata majalisar ta shawarci shugaban ƙasa da Ecowas su bi hanyar siyasa da tattaunawa.

Daga nan sai maganar ta koma hannun waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba. Ranar 9 ga Agusta Muhammadu Sanusi II, wanda a lokacin ba ya kan gadon sarautar Kano amma yana riƙe da halifancin Tijjaniyya a Najeriya, ya isa Yamai tare da Sarkin Damagaram, kuma Tchiani ya karɓe su. Daga can ya wuce Abuja ya shaida wa Tinubu abin da ya ji. Ranar 10 ga wata Ecowas ta sake zama ta ba da umarnin shirya dakarun ko-ta-kwana. Bayan kwana biyu, a Asabar ɗin da mutanen Kibiya suka fito, tawagar malaman addini ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau na ƙungiyar Izala, da izinin shugaban ƙasa, ta zauna da Tchiani da sabon firaministansa Ali Mahaman Lamine Zeine. Bayan zaman malaman suka ce janar ɗin ya nuna ƙofar tattaunawa a buɗe take, ya ba da haƙuri kan yadda aka yi wa tawagar farko, ya kuma koka da cewa an yanke musu wa'adi ba tare da an saurare su ba. Ranar 19 ga Agusta Abdulsalami ya koma Yamai, a wannan karon ya ga Tchiani, ya ga Bazoum.

Abin lura shi ne abin da ya buɗe wa waɗannan mutane ƙofa. Halifan Tijjaniyya yana da mabiya a Damagaram da Maraɗi kamar yadda yake da su a Kano. Shugaban Izala yana da ɗalibai da masallatai a Nijar. Sojan da ya kore su zai yi asara a cikin gidansa, abin da korar jakadan Amurka ko na Ecowas ba za ta jawo masa ba. Wannan jari ne na diflomasiyyar jama'a da aka tara cikin shekaru masu yawa ba da kuɗin gwamnati ba, kuma shi ne ya rage a hannun Najeriya bayan takardun hukuma sun gaza.

Darasin da Murtala ya bari

Ba wannan ne karo na farko da sabuwar gwamnati a Najeriya ta ɗauki babban mataki a harkokin waje tun ba ta zauna daram ba. Janar Murtala Ramat Muhammed, haifaffen Kano, ya hau mulki bayan juyin mulkin 29 ga Yuli, 1975, lokacin da Janar Yakubu Gowon ke taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Kampala. Cikin wata huɗu ya fuskanci rikicin Angola, inda ƙungiyoyi uku ke faɗa kan mulki bayan ficewar Fotugal. Da farko Najeriya tana goyon bayan gwamnatin haɗaka. Da ta tabbata cewa sojojin gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu sun shiga ƙasar, sai ta amince da gwamnatin MPLA ta Agostinho Neto a Nuwamban 1975, ta kuma ba ta tallafin dala miliyan 20.

Shugaban Amurka Gerald Ford ya rubuta wa shugabannin Afirka wasiƙa yana jan su ga ra'ayin ƙasarsa. Gwamnatin Murtala ta miƙa wasiƙar ga jaridu tare da martani mai zafi, kowa ya karanta. Sannan ranar 11 ga Janairu, 1976, Murtala ya tsaya a taron Addis Ababa ya yi jawabin da ya bayyana cewa Afirka ta kai munzalin yanke wa kanta hukunci. Taron ya tashi ƙasashe 22 a kowane ɓangare, amma cikin wata guda ƙungiyar ta karɓi Angola ƙarƙashin MPLA.

Gwamnatin Murtala ta soja ce, ba ta da majalisar da za ta taka mata birki, kuma abokin hamayyar da ta nuna wa jama'a, wato mulkin wariya, abu ne da ɗan Najeriya ya daɗe yana ƙi. Aikinta ya fi na Tinubu sauƙi nesa ba kusa ba. Duk da haka tsarin da ta bi yana da abin koyi: ta fara da sanya hujjarta a gaban jama'arta, sannan ta fita waje da ƙarfin goyon bayansu. A 2023 an juya tsarin. An fara da wa'adi, aka nemi majalisa bayan kwana biyar, aka nemi malamai bayan kwana goma, bayanin Hausa kuwa ya zo a ƙarshe.

Abin da aka samu da abin da aka rasa

Ba a yi yaƙin ba. Hafsoshin tsaron Ecowas sun zauna a Accra a tsakiyar Agusta, har aka ce an tsayar da ranar shiga Nijar, amma ranar ba ta zo ba. Dalilan suna da yawa: tsadar aikin, adawar Aljeriya, barazanar Mali da Burkina Faso, da rarrabuwar kai a Tarayyar Afirka. Amma Najeriya ce za ta ɗauki mafi yawan nauyin, kuma babu shugaban da zai tura soja ta cikin Sakkwato da Katsina alhali sanatocin yankin da sarakunansa da malamansa da talakawansa sun ce ba su yarda ba. Tattakin Kibiya ɗan ƙarami ne idan aka auna shi da taron filin wasa na Yamai. Nauyinsa yana cikin inda ya fito: ya nuna wa Abuja cewa ƙin yaƙin ya wuce garuruwan kan iyaka ya kai har cikin karkarar kudancin Kano.

Takunkumin ya daɗe fiye da barazanar. Sai ranar 24 ga Fabrairu, 2024, kwanaki kaɗan bayan Janar Gowon, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Ecowas a 1975, ya yi roƙo a bainar jama'a, ƙungiyar ta ɗage shi. A watan Maris Najeriya ta buɗe iyaka ta mayar da wuta. Kafin nan bakin alƙalami ya riga ya bushe. Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancensu na Sahel ranar 16 ga Satumba, 2023, sun sanar da ficewa daga Ecowas ranar 28 ga Janairu, 2024, ficewar kuma ta tabbata ranar 29 ga Janairu, 2025. Sojojin Faransa sun gama ficewa a Disamban 2023, na Amurka a Satumban 2024.

Gaskiya ta wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren. Mutanen da suka fito a Kibiya sun nemi a hana zubar da jini, kuma sun yi daidai. Amma zumuncin da ya hana yaƙi bai buɗe ƙofar ɗakin da aka kulle Bazoum ba. Zaɓaɓɓen shugaban ya shafe fiye da shekara biyu a tsare ba tare da an yanke masa hukunci ba. Tchiani, wanda a Agustan 2023 ya ce riƙon ƙwaryarsa ba zai wuce shekara uku ba, an rantsar da shi a Maris na 2025 domin wa'adin shekara biyar, aka kuma rushe jam'iyyun siyasa. Hujjar Ecowas cewa barin soja ya kifar da zaɓaɓɓiyar gwamnati haɗari ne ga kowa hujja ce mai ƙarfi, musamman ga 'yan Najeriya da suka sha mulkin soja na kusan shekara talatin. An rasa ta ne saboda an naɗe ta cikin barazana, kuma ba a samu wanda ya tsaya ya kare ta da Hausa a lokacin da kunnuwa ke buɗe ba.

Sojojin Yamai sun gane wannan fili, suka shige shi. Tchiani, mutumin yankin Filinge, ya riƙa yin doguwar hira da Hausa a talabijin ɗin ƙasarsa, yana sane da cewa za a yanka ta gunduwa-gunduwa ta bazu a WhatsApp da Facebook da TikTok har Zariya. A Disamban 2024 ya yi irin wannan hira ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa domin dagula Nijar. A wannan karon Abuja ba ta tsaya ga takardar Turanci ba: mai bai wa shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Nuhu Ribadu, ya je sashen Hausa na BBC ya musanta zargin da bakinsa. Cikin wata goma sha shida gwamnati ta koyi cewa amsar abin da aka faɗa da Hausa sai da Hausa. A 2025 kuma sabon kundin mulkin riƙon ƙwarya na Nijar ya ɗaga Hausa ya mayar da ita harshen ƙasa.

Sauyin gwamnati lokaci ne mai haɗari ga harkokin waje. Tsofaffin ministoci sun tafi, sababbi ba su iso ba, sabon shugaba yana ɗokin nuna ƙarfi, maƙwabta kuma suna gwada shi. Najeriya ta ƙara wa kanta wannan rauni a farkon Satumban 2023 da ta kira jakadunta gida daga ƙasashen duniya, aka kuma shafe fiye da shekara biyu ba a naɗa sababbi ba. Za a sake yin zaɓe, za a sake rantsar da sabon shugaba, kuma Nijar za ta kasance a inda take. Duk wanda ya hau kujerar, kafin ya sa hannu a kan wa'adi ga maƙwabciyar arewa, yana da kyau ya tambaya ko akwai wanda ya yi wa manomin Kibiya bayani, domin in gwamnati ba ta yi masa ba, wani zai yi masa daga ƙetaren iyaka, da harshensa, kafin gari ya waye.